Jikan Masu Awakin Malta

Kwana tara ke nan da ambaliya ta shiga ɗakin ajiyar tsofaffin rajistoci, amma har yanzu hannun Wahiba rawa yake yi. Ba ta daɗe da gama jami'a ba ta kama aiki a wannan ofishi na bayan garin Annaba, a Aljeriya, kuma ita ce ta bar littattafan zamanin Faransa a kan kantar ƙasa, inda ruwan ya kai.

Yau ga wani tsoho tsaye gaban teburinta. Siriri ne, kwat ta yi masa yawa, gilashinsa ɗaure da zare. Larabcinsa na bakin kasuwar kifi ne, don haka Wahiba tana zaton nan aka haife shi, ya tafi yana yaro. Takardar auren kakannin kakansa yake nema, Wenzu Cassar da Grezzja, waɗanda suka sauko daga tsibirin Malta da awaki shida, suna bin ƙofa ƙofa suna tatsar madara.

Ta ɗauko littafin ta buɗe. Tawada ta narke, shafin ya koma shuɗi.

"Baffa, laifina ne," in ji ta, idonta ya ciko.

Tsohon yana shafa takardar da bayan yatsa, kamar mai taɓa goshin majinyaci. Sai ya tuntsire da dariya.

"Haba 'yata, me suka koya muku a jami'ar? Bafaranshe ko kansa bai yarda da shi ba, komai sau biyu yake rubutawa. Ɗaya littafin yana kotu. Share hawayenki, mu je."

A kan matakala ita ya kamata ta tallafe shi, amma shi ya riƙe hannunta. Kafin su kai ƙasa, rawar hannun ta tsaya.