Ƙwaƙwalwar Motar Yaya

Yayana ya rasu ya bar mini mota a Gusau, ya bar mini Inna a Karakkai. Motar 'yar Beljiyam ce mai injekta, wato irin wadda wani ɗan akwati da ake kira ƙwaƙwalwa ke auna mata mai, ba kafireto ba. Inna kuwa idonta ya riga ya tafi, sai kunne. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci Yaya kan je gaishe ta, kuma tun motar na bakin gari take gane ta, don ba ta ruri irin na motocin haya, wani gurnani take a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Bayan rasuwarsa na ci gaba da zuwa. Da ta ji sautin sai ta lallaɓo bakin zaure ta tsaya. Ta san ni ne. Amma ta taɓa ce mini, "Kahin ka buɗe ƙofa, shi nika ji ya iso."

Sai aka shiga wahalar man nan ta ƙarshen shekarun casa'in. Gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu, man nasu kuma an surka shi da kananzir. Injekta ba ta san wannan wasan ba. Motar ta fara tari, tana shaƙewa a tsakiyar titi.

A Tudun Wada muna da majalisa a gindin wata bishiyar bedi kusa da gareji, duk mahaukatan mota, kuma a lokacin ta dare biyu. Ɓangare ɗaya na bayan bakanike mai garejin, wanda ke cewa a cire ƙwaƙwalwa a ɗora kafireto, ta sha ko mene ne ta tafi. Yana da wata waya a jikin bango inda yake rataye duk ƙwaƙwalwar da ya cire, don 'yan injekta su gani su ji haushi. Ɗaya ɓangaren na bayan aminin Yaya, wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda tare suka je suka sayo motar. Shi cewa yake a riƙa tace mai da ƙyalle, a wanke bakin injekta, a yi haƙuri, wahalar mai ba za ta dawwama ba. Ni ina tsakiya, kowa na ja. Na san dai in an yanke wayoyin nan, an yanke ke nan.

Wata Juma'a na yi sammakon ta'aziyya Tsafe, da niyyar in dawo in wuce Karakkai. Na sayi galan a bakin hanya, na tace shi yadda Alhaji ya ce. Ko fita garin ban gama yi ba ta yi tari ta mutu. Na murza makulli har batir ya kwanta. Da kyar wata akori-kura ta janyo ni Gusau bayan la'asar. Washegari wani ɗan garinmu ya tare ni ya ce Inna ta tsaya a bakin zaure har aka kira magariba, an kawo mata kujera ta ƙi zama.

Wallahi idona rufewa ya yi. Na sa aka turo motar gareji, na ce da bakanike, "Yanke ta!"

Ya buɗe bonet ke nan, filaya a hannu, sai ga Alhaji ya faɗo kamar an jefo shi. Ya dafa motar ya ce, "Kai, ajiye wannan ƙarfen." Ya juyo gare ni. "Ƙanena, wagga mota amana ce. Yadda mai ita ya bar ta, haka za ta zauna."

Bakanike ya yi dariya. "Alhaji, amana ke tura mota?"

'Yan kafireto suka fashe da shewa. Wani ɗan injekta ya ce mai garejin mahauci ne, ba bakanike ba, shi kuma ya ɗaga sifana ya yi kansa, aka rirriƙe. Ni kuwa bakina ba linzami in raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, kai ka tsaya a zaure har magariba? Mota ce, ba kabari ba! Ko jaki ne zai kai ni wurin uwata, shi zan hau."

Alhaji ya dube ni, ya ɗauke hannunsa. Ina jin ƙarar filaya, ƙas, ƙas. Da bakanike ya nufi bango da akwatin, Alhaji ya fizge shi ya ce, "Wannan kam ba za a rataye ta ba." Ya sa a aljihun babbar riga ya tafi, bai sake zama gindin bedin nan ba.

Gaskiya ɗaya ce, kafireton ta yi aiki. Juma'ar da ta zagayo na ɗura mata man bumburutu ko tacewa ban yi ba, na taka totur ta ɗauka da ruri, har Karakkai ko tari babu. Har yau in aka tayar da gardamar, ba na cewa bakanike ya yi ƙarya.

Na tsaya a ƙofar gida. Ba kowa a bakin zaure. Na bar injin a kunne na ɗan jima, ba wanda ya fito. Na kashe na shiga, na iske Inna zaune bisa tabarma ta karkata kunne wajen ƙofa.

"Inna, ga ni."

"Kai ne? Ina motar? Ni dai wata ta haya na ji ta tsaya."

Na ce ita ce, gyara aka yi mata don kada ta sake tsayar da ni a hanya. Ta laluba ta kamo hannuna ta riƙe gam.

"Allah shi yi maka albarka," in ji ta. "Ashe yau ne yayanka ya tahi."