Ƙarfen da ya faɗo gonar Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da maƙwabcina, wani dattijo da ya tsufa a gyaran jiragen sama. Da ƙyar na lallaɓo shi. Kawuna na Runka ke cikin tashin hankali: wani ƙaton ƙarfe ya faɗo gonarsa daga jirgin yaƙi, sai gari ya ɗauka shi aka nufa, wai yana kai wa ɓarayin daji rahoto. Ya kira gayyar girbin gero, ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Kuɗin mota ya ninka na bara, kujerar kuwa ba ta ƙara faɗi ba. A Batsari muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ma ya rame kamar mu. Daga nan akori-kura ce ta kwashe mu. Gonaki da yawa sun zama ciyawa, masu su sun gudu, kuma babu mai ɗaga murya a motar.

Wallahi da na ga Kawu sai da na ji ƙwalla. Ko gaisuwarsa mutane a tsaitsaye suke amsawa. Dattijon ya zagaya ƙarfen ya ce tankin mai ne, fanko, irin wanda jirgi ke saki in man ya ƙare.

Bayan azahar ya tara mutane ƙofar masallaci. Aka goya shi a babur, dutse a hannun dama, fankon jarka a hagu. Suna zuwa daidai tsamiya a guje ya saki duka. Dutsen ya bi babur ya faɗi can gaba. Jarkar kuwa iska ta wuntsila ta, ta faɗa kwata.

"To wa na nufa da jarkar nan?" in ji shi. "Babur ke nan fa. Jirgi kuwa, iskar da ke bin fukafukinsa ta fi guguwa. Mai yiwuwa tun kan daji aka saki tankin nan. Matuƙin bai ma san da gonar malamin nan ba."

Liman ne ya fara miƙa wa Kawu hannu.

Ta Safana muka biyo, ina ta tunanin yadda tsoro ke sa mu nemo mai laifi a duk abin da ya faɗo mana. Kwana biyu da dawowa na buga wa Kawu waya, na ce da ya sake kiran gayya, mutum nawa suka zo?

Ya yi dariya. "Ban ƙirga ba, ɗana. Furar dai ba ta isa ba."