Yadda Akuyata Ta Shiga Firamare

Shekarun baya, lokacin da soja suka sauka aka fara maganar shari'a a rediyo, ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu, can gefen Miga. Mahaifina ya rasu tun ina aji uku, gidan ya rage daga ni sai mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sai ƙanena da bai daɗe da yaye ba. Surfen mutane Inna take yi muna ci.

A shekarar ne aka turo wa makarantarmu wani ƙarin kuɗi, aka ce a taimaki yaran da ba su da galihu. Iyaye da malamai suka zauna a gindin darbejiya suna ta ja. Wasu suka ce a ɗinka yunifom, wasu suka ce benci, har da mai cewa a yi wa ofis fenti. Daga ƙarshe hedimastanmu, wani dattijo siriri mai keke, ya ce yunifom yagewa yake, akuya kuwa haihuwa take. Aka tafi kasuwar Jahun aka sayo awaki, aka raba wa marayu. Sharaɗi biyu aka kafa: 'yar fari mace da akuyar ta haifa ta makaranta ce, a ba wani yaron, sannan duk wanda ya riƙa fashin zuwa aji za a karɓe akuyar.

Tawa ja ce mai farin goshi, ga ci kamar gara. Ranar da na jawo ta gida ba na ko taka ƙasa sosai don yanga. Inna ta shafa cikinta ta ce ai da juna biyu ma take, ta yi ta sa wa hedimasta albarka.

Da rani ba mu san wahalarta ba. A sake ta da safe, ta tafi ta yi kiwonta, da yamma ta dawo ta sha ruwan dusa. Sai da ruwa ya sauka aka yi shuka, mai unguwa ya sa aka yi shelar kowa ya ɗaure dabbarsa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da wannan ke nufi: dabba tana turke har kaka, kullum sai an yanko mata ciyawa. A sauran gidaje samari ke yi. Mu a gidanmu ni ce samarin.

Sai na riƙa ɗaukar lauje da buhu da sassafe in nufi bakin fadama. Kafin in cika buhun, in dawo, in wanke caɓon ƙafata, an daɗe da buga ƙararrawa. Abin dariya, horon 'yan latti a makarantarmu shi ne yankan ciyawar filin bayan azuzuwa. Wato in yanka a daji in makara, in zo makaranta a ce in yanka saboda na makara. Wata rana in ga ba zan iya ba, in yi zamana a gida. Fashi ya fara yawa.

Ana haka baffana, yayan mahaifina, ya zo ya zauna a zaure ya ce wa Inna wannan wahalar ta isa. Ba mugun mutum ba ne, shi ke kawo mana dawa idan ta yanke. Ya ce yarinya ta rame, tafin hannunta duk kanta. A mayar musu da akuyarsu, ni kuma in zauna in taya Inna surfe, ai na iya rubuta sunana, ya isa. Inna ta ce a bari ta yi tunani. Ina ɗaki ina ji, kuma wallahi tsoro ya kama ni, don na san Inna ba ta taɓa ganin abin da boko ya tsinana wa kowa ba. Ko ƙofar makarantar ba ta taɓa takawa ba.

Washegari na sake makara, aka miƙa mini lauje. Ina yanka ina kallon ciyawar nan, kore shar, wadda idan an tara zubarwa ake yi a rami. Sai na kwance ɗankwalina na ɗaure dami, na tura shi bayan aji. Da aka tashi na ɗora a kai na kama hanya. Ashe hedimasta na tsaye a baranda yana kallona.

Da la'asar sai ga sallamarsa a ƙofar gidanmu. Na tabbata ƙarshen zance ya zo. Inna ta saka mayafi ta durƙusa daga bakin zaure suka gaisa. Ya tambaye ta wa ke yanko wa akuyar ciyawa, ta nuna ni. Ya tambaye ta wa kuma, ta ce babu. Daga nan ya ce:

"Allah ya ba ku haƙuri, Inna. Mun zauna mun zaɓi gidajen da ba su da mai aiki, muka kai musu aiki, muka ce taimako ne."

Sai ya ce gobe da safe zai zo ya tafi da akuyar. Ni dai wannan kaɗai na ji.

Ya zo kuwa. Ya kwance ta daga turke, yana tura keke da hannu ɗaya, yana jan ta da ɗaya. Na bi shi a baya ina kuka wiwi, majina har baki, ina cewa a raina Allah ya isa. Mutane na fitowa daga gida suna kallo. Ban lura hanyar makaranta muke bi ba sai da muka shiga. Ya wuce bayan ajinmu, inda aka riga aka kafa turaku, ya ɗaure ta daidai tagar da nake zama.

"To, share hancinki," in ji shi. "Daga yau tare za ku zo, tare za ku tashi. In kin yi fashi ta kwana da yunwa."

Kafin mako ya zagayo duk awakin marayu sun dawo filin. 'Yan latti na yanka, awaki na ci. Malamin lissafi ya yi ta mita cewa kukansu ya hana shi jin kansa, yara kuma suka sa mini suna uwar awaki. Ban sake makara ba. Sai dai maganar baffa tana nan, Inna ba ta ba shi amsa ba.

Wata safiya muna cikin darasin Hausa akuyar ta fara naƙuda, abin kuma ya zo da gardama, 'yar ta gicce. Malamai maza suka kewaye ta suna ta shawara, ba wanda ya sa hannu. Na ce Inna ta iya. Aka tura aka kira ta, ta taho da ƙanena a baya, ta tattare hannun riga. Mu kuma hedimasta ya kora mu aji.

Can sai na ga inuwa a taga. Inna ce, tana goge hannu da gefen zane, ta tsaya tana leƙen ajin kamar mai tsoron a kore ta. Malaminmu ya gan ta, ya yi kamar bai gani ba. Ya kira ni ya ce in fito gaba in karanta mana labarin shafin da muke. Na fita na buɗe littafin. Na fara da in'ina, daga baya bakina ya saki, na karanta har ƙarshe. Da na ɗago tana nan inda take, ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu.

Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta ko faɗin sunana, balle ta yabe ni. Da muka koma gida, ni ina rungume da jaririyar akuya, abin da ta ce kawai shi ne in kula da wuyanta. Amma da yamma da baffa ya zo, na ji ta daga zaure, a hankali, tana cewa:

"Malam, a bar yarinyar nan ta yi karatunta. Na ji ta da kunnena."

Baffa ya yi gyaran murya, ya ce Allah ya sa albarka. Shi ke nan.

Yanzu ina Dutse, ina koyarwa, kuma ni ma na sha zama inda ake raba irin wannan taimakon. Abin da na ɗauka daga dattijon nan shi ne, idan ka ba mutum abu, ka daure ka taka har gidansa ka ga yadda abin ya zauna masa. Shi ya taka, ya ga kuskurensa, ya faɗe shi da bakinsa a gaban mai surfe. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna. Har ta bar duniya ba ta taɓa ce mini na iya karatu ba. Amma duk wasiƙar da aka kawo unguwarmu, ita ke aika yaro ya ce a kawo gidanta, akwai mai karantawa.