Kayan Aikin da Aka Shimfiɗa wa Yayana

Na daɗe ina aikin nas a ɗakin tiyata na wani asibiti a Kumasi. Aikina shi ne in wanke hannu har gwiwa, in sa riga da safar hannu, in tsaya gefen likita ina miƙa masa abin da yake buƙata. Kafin a shigo da mara lafiya nakan buɗe ƙunshin kayan da aka fito da su daga tukunyar turiri, wani lokaci da sauran ɗuminsu, in jera su a kan koren ƙyalle. Wuƙa ce a gaba. Sai almakashi iri biyu, lanƙwasasshe na nama da miƙaƙƙe na zare, kuma ba a yanka zare da na nama don kada bakinsa ya dakushe. Sai hantsakan kama jijiyar jini, waɗanda in aka matse su sai a ji ƙas, su riƙe da kansu har a ɗaure jijiyar. Sai ƙugiyoyin da ake ja bakin rauni da su don likita ya ga ciki, da mariƙin allura. Na saba da su har ta kai ina gane abin da likita zai nema tun bai buɗe baki ba, daga yadda ya juya tafin hannunsa.

A gidanmu na unguwar Asawase babu wanda ya taɓa tambayata wannan. Su dai sun san Sista, kamar yadda suke kirana, tana asibiti. A kawo mini yaro mai zazzaɓi, a kira ni in auna wa tsohuwa jini, shi ke nan.

Yayana, wanda nake bi, kafinta ne a Anloga, unguwar masu aikin katako. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma shi ya tsaya kai da fata sai na shiga makarantar nas a lokacin da dangi suke ganin karatun ya isa haka. Ƙaton mutum ne mai fara'a, ƙofofi da gadaje yake yi, kuma kullum akwai garin katako a gemunsa. Ciwon suga ya kama shi ya ƙi ɗaukarsa da muhimmanci. In na yi masa magana a kan kokon da yake sha da suga cokali-cokali, sai ya yi dariya ya ce mai ɗaga katako tun safe ba ya rayuwa da ruwan ɗumi.

Wata rana ya taka ƙusa a shago bai ji ba. Sai da ya zo alwalar azahar ya ga jini a silifas ɗinsa. Ya wanke, ya ɗaura tsumma, ya ci gaba da aiki, ya kuma hana matarsa ta gaya mini. Ta yi shiru har ta kasa, sannan ta same ni wata safiya ina jiran trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ta ce in zo in ga ƙafar Yaya.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji warin. Wari ne da na sani daga wurin aiki, ban taɓa tsammanin zan ji shi a gidanmu ba. Babban yatsan da na kusa da shi sun yi baƙi, tafin ƙafar ya kumbura yana sheƙi. Na kai shi asibitinmu a tasi. Likita ya duba, ya ce a cire yatsun biyu da wuri, a wanke wurin, sauran ƙafar za ta tsira in sha Allahu.

Yaya ya ƙi. Ya ce da yatsu goma Allah ya kawo shi, da goma zai koma. Na yi lallashi, na yi kuka, na kira kawunmu ya yi masa magana, duk a banza. Wani abokinsa ya kai shi wurin mai maganin gargajiya a bayan gari, aka riƙa ɗaura masa ganye. Mutanen gida suna cewa 'yan asibiti saurin kai wuƙa gare su, kuma in na shigo sai a sauya magana. Ranar da na matsa masa, sai ya dube ni ya ce, "Ke ai aikinku ke nan, yanka. Me kuma za ki ce a yi?"

Ƙanwa ce ni, akwai iyakar abin da zan faɗa wa wanda ya raine ni a gaban iyalinsa. Na koma gida na zauna, na kasa cin abinci. Na san inda abin yake tafiya, ina ganinsa yana hawa ƙafar kamar yadda na sha gani a jikin wasu, amma ba ni da yadda zan yi.

Zazzaɓi ne ya kayar da shi. Da aka dawo da shi asibiti yana rawar ɗari, maganar yatsu ta wuce. Likita ya ja ni gefe ya ce sai dai ƙasa da gwiwa, kuma in an ƙara jinkiri ba ƙafa za a yi magana a kai ba. A wannan karon Yaya bai yi gardama ba. Ya juya fuska ga bango, ya ce a yi abin da za a yi.

Ana gobe za a shiga da shi, bayan la'asar, ya ce wa matarsa ta je ta nemo masa ruwan zafi. Da ta fita sai ya ce in jawo kujera.

"Gaya mini da me za su yi."

Na ce ya bar wannan, ya yi addu'a kawai. Ya ce shi ma'aikaci ne, bai taɓa bari a taɓa katakonsa da kayan da bai gani ba, balle jikinsa. Na ga ba zai bari ba, sai na gaya masa. Na ce za a ɗaure cinya da wani abu mai kama da na awon jini don jini ya tsaya. Likita zai zana layi a fata, ya bar ta baya da tsawo saboda ita za a naɗo a rufe wurin. Zai yanka da wuƙa, duk jijiyar da ta ɓullo a kama ta da hantsaki a ɗaure da zare, ƙananan kuma a ƙona bakinsu da na'ura. Akwai wani ƙarfe mai faɗin baki da ake ture naman da ya manne wa ƙashi da shi. A nan na tsaya.

Ya ce, "Sai zarto."

Na ce eh. Na gaya masa iri biyu ne. Akwai na waya, siririya mai haƙora, da mariƙi a kowane gefe, a zagaya ta ƙarƙashin ƙashin a riƙa ja hagu da dama. Akwai kuma na lantarki, wanda bakinsa yake karkarwa a wuri ɗaya. Ya tambaya wa yake wasa su, na ce ba a wasawa, sabon baki ake sawa. Ya tambaya ko haka ake barin bakin ƙashin, na ce a'a, ana goge shi da magagari har ya yi sumul. Ya gyaɗa kai, ya ce daidai ne, in ba haka ba zai huda fata. Ya faɗi haka kamar muna maganar ƙafar tebur, amma hannunsa yana damƙe da ƙarfen gado har jijiyoyinsa sun tashi.

Sannan ya roƙe ni in zama ni ce mai miƙa kayan. Na je na sami shugabar ɗakin tiyata, ta ce ba a barin mutum ya tsaya a kan ɗan'uwansa, kuma na san haka. Wata abokiyar aikina, 'yar Asante da muka fara aiki tare, ita aka sa. Ta riƙe hannuna ta ce in bar mata shi. Da na koma na gaya wa Yaya, sai ya lumshe ido.

Da safe likitan sa barci ya ce saboda yanayin zuciyarsa da ƙirjinsa ba za a sa shi barci gaba ɗaya ba. Allurar baya za a yi masa, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, a ƙara masa ɗan abin da zai kwantar da hankali. Na san wannan shi ne daidai, ni ma da za a tambaye ni abin da zan ce ke nan. Amma na san kuma kunnensa zai kasance a buɗe.

Na zauna a benci a bakin ƙofa tare da matarsa, tana jan carbi. Ita ba ta san komai ba sai jira. Ni kuwa ina biye da su a raina: yanzu sun shafa magani, yanzu sun shimfiɗa ƙyalle, yanzu abokiyata ta miƙa wuƙa. Na yi ta fatan likita ya nemi zarton waya, don ba shi da ƙara sosai. Can sai na ji kukan na lantarki ta cikin ƙofa, ya tashi sama, ya yi nauyi da ya shiga ƙashi. Matar Yaya ta tambaye ni mene ne wannan, na ce inji ne kawai. Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo, na tsaya har na tabbata an gama.

Aikin ya yi kyau, haka kowa ya ce, kuma gaskiya ne. Sai maganar ƙafar ta taso. Kawunmu ya ce ba za a bar ta a ƙona da sharar asibiti ba, jikin Musulmi ne. Ni na shiga na karɓo ta. An naɗe ta a leda, muka ƙara farin ƙyalle a kai. Ban taɓa ɗaukar irinta na lura da nauyinta ba sai ranar. Kawu da mijina suka sa ta a bayan mota suka tafi maƙabarta, aka haƙa ɗan rami aka rufe, babu salla babu taro. Da suka dawo, abin da Yaya ya fara tambaya ke nan, ko an binne. Aka ce an binne. Ya ce alhamdu lillahi, hawaye suna gangarowa cikin kunnensa.

Sai da ya koma gida, ciwon ya fara haɗewa, sannan ya gaya mini abin da ya ji. Ya ce bai ji zafi ko kaɗan ba, amma ya ji jikinsa yana girgiza har haƙora, ya ji ƙauri, ya kuma gane lokacin da zarton ya kusa fita ta ɗaya gefen, domin kukansa yakan sauya, kamar dai a katako. Ya ce ya so ya ce wa likita ya sassauta hannu a nan, kada bakin ya tsage, amma harshensa ya yi nauyi. Daga nan ya ji magagari. Ya faɗa mini wannan sau ɗaya, bai sake ba, kuma bai gaya wa matarsa ba.

Da ya iya tafiya da sanduna, ya ce a kai shi Anloga. Na raka shi. Mun sauka daga tasi, abokan sana'a suka taso suna yi masa barka, wani ya kawo kujera. Injinan yanka katako suna aiki ta ko'ina kamar kullum. Na ga gumi ya keto masa, ya riƙe kututturen ƙafar da hannu biyu. Ya daure ya amsa gaisuwa, ya leƙa shagon, ya shafa wata ƙofa da ya bari ba a gama ba, sannan ya ce mini a hankali mu tafi. Bai ƙara komawa ba. Ya bar wa abokin aikinsa shagon. Daga baya aka yi masa ƙafar roba, yana sa ta in zai je masallacin Juma'a, sauran ranaku yana zaune a ƙofar gida yana gyara wa mutane kujeru da ƙananan akwatuna da guduma da ƙusa. In aikin yana buƙatar yanka, sai ya auna ya sa alama, ya aika a yanko a kawo masa.

Har yanzu yakan ce yatsan da aka binne yana masa ƙaiƙayi. Akwai lokacin da ya sa Kawu ya rantse masa cewa a miƙe aka kwantar da ƙafar, ba a lanƙwashe ba. Na yi masa bayani cewa jijiyoyin da aka yanke ne suke aika saƙo, ya saurara, ya ce to, amma dai yana ƙaiƙayi.

Ni na koma aiki, domin babu abin da zai sa in ƙi. Irin wannan tiyatar ba ta yankewa a wurinmu, masu ciwon suga suna da yawa, kuma yawanci a makare suke zuwa. Ina jera kayan ina miƙawa yadda na saba. Abin da ya sauya shi ne, da can ban cika tuna akwai fuska a bayan labulen da ake tarewa a ƙirjin mara lafiya ba. Yanzu kafin in miƙa zarto nakan tambayi mai sa barci ko mutumin yana ji. In yana ji, sai in roƙa a toshe masa kunne da auduga, ko wani ya tsaya kusa da kansa yana yi masa hira. Wasu likitocin suna jira, wasu suna ganin ina ɓata musu lokaci.

Duk ranar da ba ni da aiki ina zuwa gidan Yaya in duba ɗaya ƙafar. Yanzu ba ya gardama. Yakan cire safa da kansa, ya ɗora ƙafar a cinyata, ya ɗauke kai yana kallon masu wucewa a lungu. Ina buɗa tsakanin yatsu, ina latsa tafin, ina tambaya ko yana ji, yawanci ya ce a'a. A zuwana na ƙarshe na ga wata 'yar tsaga a dunduniya, gefenta ya ɗan yi duhu. Na wanke na rufe, na ce gobe da safe zan zo da tasi mu je likita ya gani.

Ya sauke ƙafar daga cinyata. Sannan ya ce in zo da wuri, kafin rana ta yi zafi.