Jan Ɗigon da Ya Koma Kore

Jama'a, yau mamaci ya aiko mini da saƙo!

'Yata Hauwa ta haɗa taswira a intanet da manhajojin kyauta, daga littafin da na rubuta sunayen 'yan gudun hijira lokacin da suka cika Jimeta. Jan ɗigo mamaci ne, kore mai rai. In ka taɓa ɗigo, sai suna ya fito, kuma kowa na iya aiko da gyara.

Da hantsi tana nuna mini, sai wani ja ya koma kore a idona.

Ta taɓa. Buba Maƙeri! A ƙasa an rubuta: "Da raina. Na sauka a unguwar Rumde. Ina matata?"

Ni na rubuta ya mutu. Ban ga gawa ba, a tasha kawai na ji. Da shaidata matarsa ta yi takaba, ta auri ƙanena. Yanzu 'ya'yansu uku.

Hauwa ta ce, "Baba, in goge?"

Na ce, "A'a. Na kashe shi sau ɗaya, ya isa."

Ga ni cikin keke mai ƙafa uku, mun kusa Rumde. Ku yi mini addu'a.