Jar Motar Taubashina a Burtali

A shekarar da annobar ciwon bushiya ta faɗa wa shanun ƙasarmu, ina aikin malamin dabbobi a Kalgo. Ba a daɗe da turo ni can ba, ko iyalina ban kwaso daga Gwandu ba. Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Kullum da safe sai in tarar da Fulani zaune a ƙofar ofis, sandunansu jingine da bango, kowa da labarin saniyar da ta daina kiwo, ido na hawaye, baki na dalala.

Maganin rigakafi akwai shi a Birnin Kebbi, sai dai ba ya jure zafi. Cikin ƙanƙara ake ɗauko shi a kula, wato akwatin riƙe sanyi, in ƙanƙarar ta narke ya ɗumama, ya zama ruwan banza. Motar ofishinmu kuwa ta lalace, tana kan duwatsu tun kafin zuwana. Kekena ba zai kai ni rugagen da ke bayan Dangoma ba kafin ƙanƙara ta zama ruwa.

Wata Juma'a na je gida Gwandu, bayan an sauko masallaci na biya garejin taubashina, ɗan kawuna. Ya girme ni kaɗan, tare muka tashi, kuma ba mu taɓa haɗuwa ba tare da tsokanar juna ba. Shi makanike ne. Ya yi aiki da wani kamfanin gina hanya, da aikin ya ƙare wani Baturen injiniya ya sayar masa da motarsa ya koma ƙasarsu. Ja ce, ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, irin ta masu tsere. Baturen ya sa mata babban turbo, wata na'ura mai kama da katantanwa da ke ɗura wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Taubashina ya ƙara nasa gyare-gyaren a kai. Da kansa yake wanke ta, ya rufe ta da tsohon bargo. Ba ta san wata hanya ba sai kwalta. Ko matarsa takan ce in motar ta yi tari, ranar ba mai ganin dariyarsa.

Ban je roƙonsa ba, na je ne in rage abin da ke cina. Yana ƙarƙashin wata a-kori-kura ina ba shi labari, ƙafafunsa kawai nake gani. Da na gama sai ya turo kansa waje.

"Likitan awaki, yanzu abin da kake so ka ce, gudu kake nema?"

"Gudu nake nema, amma ba irin naka na 'yan gayu ba."

Ya goge hannu da tsumma, ya dubi wajen da motar take lulluɓe. Sannan ya ce, "Wagga mota ba ta son tafiya sannu. Iska ce abincinta. Bisa kwalta iska na shiga ta gaba ta sanyaya lagireto. Cikin rairayi za ta yi ta nishi, ba iska, sai zafi." Ya ajiye tsumman. "Litinin da safe ka jira ni Kalgo."

Ya zo kuwa. Mun ɗauko maganin a Birnin Kebbi, na rungume kular a cinyata don babu wurin ajiye ta, bayan kujerunmu jarkoki ne cike da ruwan gulbi da ya tace da ƙyalle. Ya ce ruwan rijiyarmu yana barin farin ƙasa a cikin lagireto, ya toshe shi. Ya nuna mini wani ɗan agogo a gaban sitiyari mai kibiya, da jan layi a ƙarshensa.

"Ni zan dubi hanya. Kai aikinka wanga. In ta wuce rabi ka faɗa mani."

A kan kwalta abin daɗi ne. Ban taɓa shiga mota mai gudu haka ba, itatuwa na wucewa kamar ana fizge su, kibiya tana zaune abinta. Da muka sauka muka kama burtali sai labari ya canza. Rairayi ya riƙe ƙafafun motar, injin ya yi ta kuka a ƙaramar giya, kibiya ta fara hawa.

"Ta wuce rabi," na ce.

Sai na ga ya miƙa hannu ya murɗa wani maɓalli. Wata iska mai zafi kamar ta bakin tanderu ta buso mana ƙafafu da fuska.

"Taubashi, ka haukace? Hita a bazara?"

"Zafin inji take ɗebowa ta kawo mamu. Ko mu dahu ko ita ta dahu. Ka ɗaga kularka sama."

Na ɗora kular a kafaɗa wajen taga, gumi na shiga mini ido. Kibiya ta ɗan ja baya, sannan ta ci gaba da hawa. Muna dab da Dangoma ta taɓa ja. Ya tsaya a inuwar wata tsamiya, amma bai kashe injin ba. Na ce ya kashe mana ta huta. Ya ce in an kashe ta a haka ruwa ya daina zagayawa, baƙin mai ya ƙone a cikin turbo, shi ke nan an yi asararta. Na fita na ɗaga bonet, na miƙa hannu zan buɗe murfin lagireto in zuba ruwa, ya doke mini hannu da ƙarfi.

"Fuskarka ta ishe ka? Ruwan da ke ciki ya fi na shayi zafi."

Na girgiza kular, na ji ƙanƙara tana iyo. Ya ji shi ma. Ya ce, "In mun jira ta huce yadda ya kamata, maganinka ya mutu, ko?" Na ce haka ne.

Ya ɗauko sifana ya fara kwance bonet. Ya cire fitilun ado guda biyu da ya sa a gaba, waɗanda ya aika har Legas aka sayo masa, ya ɓalle ragar gaban da lambar motar, duk abin da ke tare iska ya cire. Wata dattijuwa da gidanta ke kusa da tsamiyar ta fito tana kallonmu. Ya gaishe ta ya ce, "Inna, a ajiye mamu wanga har mu dawo." Muka kama bonet ɗin tare muka jingine mata a jikin danga. Ya yayyafa ruwa a fuskar lagireto daga waje, kaɗan kaɗan, tururi na tashi, har kibiya ta sauka. Muka tafi da inji tsirara, ƙura na shiga ko'ina. Na saci kallonsa, na ga ya cije leɓe, bai dubi injin ba ko sau ɗaya.

Mun isa rugar da sauran ƙanƙara. Arɗon wurin, wani dogon tsoho mai farin gemu, ya riga ya sa an tara shanu an ware marasa lafiya can nesa. Na haɗa magani na fara allura, samari na kama mini. Taubashina, wanda ko akuya bai taɓa kiwo ba, ya naɗe hannun riga ya riƙe mini kular a inuwa, yana bin duk inda na juya. Wani bijimi ya take masa ƙafa, ya yi ta ɗingishi yana zagina, wai ni na ja masa. Da muka gama matar Arɗo ta kawo fura da nono a ƙwarya. Ban taɓa shan abu mai daɗin wannan ba. Ruwan ƙanƙarar da ya rage a kula, da injin ya huce, taubashina ya juye shi a lagireto, ya ce ba a samun ruwa mai tsabtarsa.

Da muka biyo ta Dangoma da la'asar, mun tarar dattijuwar ta kwantar da bonet ɗin a rana ta shanya kuɓewa a kai. Ta ce ai abin ya fi tabarma zafi, ta ga kamar don haka aka yi shi. Na yi dariya har na zauna ƙasa. Shi ma ya yi, duk da na san ba har ciki ba.

Na ɗauka wannan tafiya ɗaya ce. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo Kalgo, motar ta canza kama. Ya sa kurfi da guduma ya huda jan bonet ɗin nan layi layi don zafi ya riƙa fita. Ya cire lagiretonta ya sa na a-kori-kura, wanda ya fi girma, har sai da ya yanke ƙarfen gaba kafin ya zauna. Ya ƙara mata fankar lantarki da maɓalli a hannunsa. Ya rage wa turbo ƙarfi, ya ce gudun da take yi yanzu ya ishi likitan awaki. Na tsaya ina kallon hujojin, gefensu duk fenti ya ɓare.

"Mi kake kallo?" ya ce. "Shiga mu tahi, ƙanƙara ba ta jira."

Haka muka yi ta yi har ƙarshen bazarar. Muka zaga rugagen Wurogauri, muka dawo ɓangaren Gwandu muka shiga na bayan Malisa. Mun koyi fita da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Na koyi sauraron injin, na san ƙamshin ruwan da ya fara tafasa tun kafin kibiya ta nuna. Duk inda muka isa sai mu zauna a ciki na ɗan lokaci inji na juyawa a hankali, Fulani sun kewaye mu suna mamakin baƙin da suka zo suka ƙi fitowa. Kullum da yamma yakan wanke lagireto da ruwa ta baya, ya fitar da ƙaiƙayi da ƙwari. Garejinsa kuwa rabin mako a rufe yake, masu kawo gyara har sun fara kai wa wasu.

Ba duk shanun muka ceta ba. Akwai rugar da muka isa a makare, muka tarar da mai garken zaune kan turmi, babu abin da ya rage sai igiyoyin ɗaure maruƙa. Ranar ba wanda ya tsokani wani a hanyar dawowa. Amma inda muka riga ciwon isa, yawanci garke ya tsaya.

Gab da faɗuwar damina, muna dawowa daga wajen Malisa da kula babu komai a ciki, motar ta fara fitar da farin hayaƙi ta baya. Ya tsaya ya zaro sandar duba baƙin mai, ya nuna mini. Man ya koma kamar koko da madara. Ya ce ruwa ya haɗu da mai, kan injin ya tsage. Wani manomi ya kawo shanun huɗarsa suka ja mu har bakin kwalta, daga nan wata tifa ta ƙarasa da mu Gwandu. Ya nemi irin kan injin har Kano bai samu ba. Motar ba ta sake tashi ba.

Na je na same shi a gareji, na fara haɗa maganar godiya da ban haƙuri da na kwana biyu ina shiryawa. Ya katse ni, ya ce in ina da abin faɗa in riƙe masa tocila, akwai notin da ya faɗa masa cikin inji.

Da kaka ta yi, Arɗon nan na bayan Dangoma ya taso takanas har Gwandu tare da wasu dattawa, suna tambayar gidan mai jar mota. Sun zo da man shanu da wata karsana, suka ɗaure ta a ƙofar gareji. Taubashina ya rasa yadda zai yi, ya aika aka kira ni. Na tarar da su zaune a tabarma, Arɗo ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana ta sa masa albarka, rabi da Hausa rabi da Fillanci. Shi kuwa kansa a sunkuye, sai amin yake cewa. Da ya ga na shigo ya ɗago ya ce, "Likita, zo ka duba mani haƙoran wagga karsana, ni ban san abin da take ci ba."