Goron Yaya Ubale a Ƙarƙashin Takunkumi

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Malam Ubale. Har yau idan aka dawo daga hutu na ga ɗalibai sun cika titin Gumel da fararen kaya, wasu a ƙasa wasu a kan keke, shi nake fara tunawa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma makaranta ɗaya muka koyar, wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke kan hanyar Maigatari. Shi yana koyar da Hausa, ni lissafi. A gida Yaya nake ce masa, a makaranta Malam.

Duk wanda ya san shi ya san shi da abu biyu, gaisuwa da goro. Idan ya kama hannunka ba zai sake shi ba sai ya tambayi mai ɗakinka, da yara ɗaya bayan ɗaya, da mahaifiyarka, da akuyar da ka ce masa ba ta da lafiya tun bara. Na daina raka shi kasuwa tun ina saurayi, don sai mu fita da hantsi sayen albasa mu dawo bayan la'asar ba albasar. Goro kuwa, ban taɓa ganin aljihunsa babu shi ba.

Sai ga annobar korona. Aka rufe makarantu wata da watanni, har yaranmu suka fara mance hanyar aji suka koma gona da kiwo. Ana tsakiyar damina aka ce 'yan ajin ƙarshe su dawo su rubuta jarrabawar fita, amma da sharuɗɗa: a sa takunkumi, a wanke hannu, a ba da tazara, a daina musabaha. Firinsifal ɗinmu na lokacin, Alhaji Sabo, ya tara mu a gindin bishiyar maina, an jera kujeru nesa da juna har sai mutum ya ɗaga murya za a ji shi. A nan ya ce ya naɗa Malam Ubale shugaban kwamitin korona.

Takunkumi ya yi mana rana a wannan zaman, don babu malamin da bai yi dariya a cikin nasa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ko ɗazu sai da na ɓamɓare hannunsa daga na maigadi?"

Alhaji Sabo ya ce, "Shi ya sa. Idan yara suka ga Malam Ubale ya daina gaisawa da hannu, za su yarda abin da gaske ne."

Yaya ya dubi tafin hannunsa na dama kamar wanda za su rabu.

Ranar da aka buɗe makaranta ya zo da wani dogon karan dawa da ya zaro daga dangar gidansa. A asembili ya ɗaga shi ya ce wa ɗalibai, "Wannan shi ne tazara. Tsakaninka da abokinka, tsakaninki da ƙawarki, sai wannan karan ya kwanta. Wanda ya karya doka ba zan dake shi ba, don dukan ma sai an matso kusa. Zai ɗauki jarka ya cika mana bokitin wanke hannu daga tuƙa-tuƙa, har mako guda." Tuƙa-tuƙar nan tana can bayan filin ƙwallo, kuma bokitin ba ya ƙoshi.

Ba a yi kwanaki ba ɗalibai suka gano cewa takunkumi yana da wani amfani da likitoci ba su faɗa ba. Ana darasi sai ka ga takunkumin yaro yana motsi, kana zaton karatu yake bi, ashe aya ce ko gyaɗa. Sai Yaya ya ƙara doka tasa ta kansa: ba a tauna komai a harabar makaranta, ba a tofar da yawu. Wata ɗaliba mai suna Furera, 'yar wata ruga ta wajen Sule Tankarkar wadda ke zaune gidan gwaggonta don karatu, ta ɗaga hannu.

"Malam, har goro?"

Ya ce, "Har goro."

Na dube shi, ya ƙi duba na.

A gaskiya ya yi ƙoƙari. Karan nan da hannu biyu yake riƙe shi duk yini, don kada hannun dama ya kuɓuce masa. Wata rana wani dattijo ya zo daga Gagarawa duba ɗansa, tun daga nesa ya miƙo hannu. Yaya ya rasa yadda zai yi, sai ya miƙa masa bakin karan. Dattijon ya kama, suka yi ta girgiza shi a tsakaninsu suna tambayar iyali da damina, har aka buga ƙararrawar tara.

Akwai kuma na'urar auna zafin jiki, wadda yara suka sa wa suna bindiga. Jita-jita ta zaga gari cewa idan aka haska ta a goshi tana goge karatu. Wasu iyaye har suka ce 'ya'yansu ba za su zo ba, ga jarrabawa ta ƙarato. Yaya ya maganta abin ta hanyarsa. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofa ya haska ta a goshinsa, sannan ya kira sunayen 'yan ajin ƙarshe da ka, kowa da sunan ubansa da unguwarsu. Idan ya gama sai ya ce, "To, yau ma ba ta goge ba. Ku matso."

Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne goro. Tun daga safe har tashi ba ya sa komai a baki, sai hamma. Da an tashi ya fita ƙofar makaranta da taku ɗaya, sai ka ji ƙaras.

Saura 'yan kwanaki a fara jarrabawa aka aiko cewa jami'an lafiya za su zo duba mu, kuma duk makarantar da aka samu mai alamar cutar za a rufe ta nan take. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: yaran da muka sha wahalar tattarowa daga gonaki za su rasa jarrabawar shekarar, wasunsu kuma ba za su sake dawowa aji ba. Alhaji Sabo ya raba wa malamai sababbin takunkumai farare tas, ya ce a ajiye na atamfa da tela ya ɗinka mana. Yaya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Daga baya ya gaya mini cewa ranar zuwansu, da ya hango motar baƙin, gabansa ya faɗi, sai ya ji hannunsa ya shiga aljihu da kansa.

Shugabar tawagar wata Hajiya ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta duba bokiti, ta duba sabulu, ta leƙa azuzuwa ta ga kowa a bencinsa shi kaɗai. Komai ya yi. Sai ta ce shugaban kwamiti ya yi mata bayanin yadda yake tafiyar da aiki. Yaya ya fara, kuma shi idan ya fara bayani ba ya jin rana. Yana cikin magana wani guntun goro ya sarƙe shi. Ya yi tari, ya sake yi, ya dafa ƙirji. Muna kallo wani jan tabo ya fito a tsakiyar farin takunkumin yana faɗi.

Hajiya ta ja da baya. "Malam, tun yaushe kake wannan tarin?"

Bakinsa a cike yake, don haka sai ya girgiza kai kawai. Aka haska masa na'ura, ga shi ya daɗe a tsaye cikin rana, ta nuna zafi. Nan take aka wuce da shi ɗakin killace marasa lafiya, wani tsohon sito da shi da kansa ya share ya shimfiɗa wa tabarma. Hajiya ta ciro waya ta fara neman layi. Alhaji Sabo ya nemi dakali ya zauna. Ɗalibai suka cika tagogi, tazara ta watse. Na hango Furera tana share hawaye da gefen hijabinta, don ta sha faɗa mana cewa wannan jarrabawar ce za ta kai ta makarantar koyon aikin jinya, kuma gwaggonta ba za ta iya riƙe ta wata shekarar ba.

Na zagaya ta bayan siton na leƙa taga. Yana zaune a kan tabarma ya haɗa kai da gwiwa.

Na ce, "Yaya, goro ne ko?"

"Rage murya, ƙanina."

"Matar nan waya take yi. Za a rufe makaranta."

"A gabansu na ce har goro. Da wane ido zan dube su?"

"Da wanda za ka dube su idan sun rasa jarrabawa."

Sai ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Je ka ce a buga ƙararrawa. Kuma ka gaya musu su ba da tazara, ina hango su daga nan."

Aka taru. Ya tsaya a bakin siton, daga nesa, ya cire takunkumin ya washe haƙora, jajaye kamar an shafa musu manja. Ya zaro ragowar goron daga aljihu ya ɗaga sama. Ya ce, "Hajiya, ga cutar tawa, kuma na fi shekara talatin ina fama da ita. Ku kuma ɗalibai, ni na kafa doka, ni na karya. Waye ke da jarka a wannan makon?"

Hajiyar da muka ɗauka ba ta iya dariya ba sai da ta cire gilashi ta goge ido. Duk da haka ba ta sake shi haka nan ba. Ta sa ya zauna a inuwa ya sha ruwa, ya kurkure baki, aka sake auna shi, aka saurari ƙirjinsa, sannan ta mayar da waya jaka. Ta ce a ba shi wani takunkumin, kuma ta ba da shawara ya zama mai duhu.

Mako guda cur yana jidar ruwa daga tuƙa-tuƙa, mutum mai furfura, da jarka a kafaɗa. Samari suka yi ta roƙon su karɓa masa ya hana. Matarsa, Yaya Abu, ita ke shafa masa man zafi a baya, tana cewa ita ba ta taɓa ganin alƙalin da ya ɗaure kansa ba sai a gidanta. Yara suka rubuta jarrabawarsu lafiya. Furera yanzu tana aikin jinya, ko a watan jiya ita ta auna mini jini.

Ba korona ce ta ɗauke shi ba. Hawan jini ne, bayan annobar ta lafa, jinya ta 'yan kwanaki. Ya dai samu ya koma gaisawarsa kafin ya tafi, har yana cewa yana rama bashin hannuwan da suka wuce shi.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya leƙo yau. Bokitin wanke hannun nan yana wajen mai sayar da zoɓo a bakin makaranta, famfon jikinsa ya yi mata daidai. Na'urar auna zafi tana cikin durowar ofis ba batir. Bencin da aka ce mutum ɗaya, yanzu huɗu ne a kai, na biyar yana jiran wani ya tashi. Ina jin bokitin zai fi ba shi haushi, don ya sha faɗa cewa wanke hannu bai kamata ya jira annoba ba. Zai kuma sha mamakin yaran yanzu, da ke aiko wa malaminsu gaisuwa ta waya da harafi uku, ba tambayar gida ba ta gajiya.

Dokokin wancan lokaci duk sun tafi, kuma babu mai kewarsu. Yaya bai bar gini da sunansa ba, bai rubuta littafi ba, ko hotonsa babu a ofis. Amma ya bar wata al'ada da ta maƙale wa makarantar, wadda ɗaliban yanzu suka gada ba tare da sun taɓa ganinsa ba.

A zangon da ya wuce aka kawo mana sabon firinsifal daga wani gari. Ranarsa ta farko ya kafa doka cewa duk wanda ya makara zai share harabar ofis. Ba a rufa mako biyu ba tayar motarsa ta yi faci a hanyar Gagarawa, ya iso ana tsakiyar asembili. Shugabar ɗalibai ta fita daga layi, ta je ta dawo, ta durƙusa da ladabi ta ajiye tsintsiya a gabansa.

Ya juyo ya dube ni. "Malam, mene ne wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, gadon yayana ne. A nan wanda ya kafa doka ba ya tsallake ta."

Na ba shi labarin a taƙaice, ɗalibai suna jira. Ya dubi tsintsiyar, ya dubi babbar rigarsa, sannan ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Yana shara yana cewa idan an tashi in raka shi maƙabarta, zai yi wa mutumin nan addu'a, daga nan kuma ya kai masa ƙara.

Na raka shi. Addu'ar ta yi tsawo, ƙarar kuwa bai kai ba. Allah ya jiƙan Yaya Ubale, ya sa ya huta.